Filin Masu Hoto: Lens Mai Faɗi a Gidan Biki

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu daga masu ɗaukar hoton biki ne na cikin garin Kaduna, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato lens (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) mai faɗin gani, wanda a bakin 'yan sana'a ake ce wa waid. Lambar mm da ke jikin lens ita ke nuna faɗinsa: iya ƙanƙantar lambar, iya faɗin abin da yake kwasowa. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki da Canon 600D, da lens 18-55mm ɗin da ta zo da shi, da kuma 50mm. Matsalata ɗakin amarya. Idan an gama jere aka ce in ɗauka, ko na manna bayana da bango ba na samun gado da wadirof da madubi a hoto ɗaya. Wani ya ce in tara kuɗi in sayi 16-35mm. Zai raba ni da wannan matsalar? Daga mai hoto a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. 16-35mm zai hau kyamararka, zai kuma yi aiki, amma faɗin da ake yabonsa a kai ba za ka gan shi ba. Dalili yana cikin sensa, wato faifan da ke cikin kyamara wanda hoto ke sauka a kansa. Manyan kyamarori irin su Canon 6D da 5D da Nikon D750 sensarsu milimita 36 ce a faɗi, 24 a tsayi, su ake kira ful-firem. Ta 600D kuwa milimita 22.3 ce a faɗi, don haka tsakiyar abin da lens ya gani kawai take ɗauka, gefen ya zube. Lissafin da ake yi shi ne a ninka lambar lens da 1.6 a ƙananan Canon, da 1.5 a ƙananan Nikon da Sony. 18mm ɗinka daidai yake da 29mm a babbar kyamara. 16mm kuma zai zama kusan 26mm. Wato za ka zuba kuɗin da ya ɗara kuɗin kyamarar kanta don ƙarin faɗin da bai taka kara ya karya ba.

Mu auna da ɗakin. Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12, irin wanda ya yi yawa a gidajen haya, mita uku da rabi ne da 'yan kai. Idan ka tsaya a bakin ƙofa, tsakaninka da bangon da ke fuskantarka kamar mita uku. A 18mm hoto zai ci faɗin mita 3.7 a jikin wannan bangon, amma wadirof da ke gefenka na dama da madubin da ke hagu sun fi bangon kusa da kai, shi ya sa suke faɗawa waje. A 12mm faɗin zai kai mita biyar da rabi, a 10mm ya haura shida da rabi. Abin da kake nema ke nan, kuma lens ɗin da ke ba da shi don ƙananan kyamarori aka ƙera su: Canon EF-S 10-18mm, wanda ya fito a 2014, mara nauyi kuma mai sauƙin kuɗi, ko EF-S 10-22mm, ko Tokina 11-16mm f/2.8.

Raunin 10-18mm shi ne ƙofar haskensa ƙarama ce, f/4.5 zuwa f/5.6 (iya girman lambar f, iya ƙanƙantar ƙofar). A ɗakin jere wannan ba komai ba ne, tunda gado da kwanuka ba sa motsi. Ɗora kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, tsayinta daidai ƙirjinka ko ƙasa da haka kaɗan, ka sa f/8 da ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin saurin kama haske na sensa), ka bar shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ta ɗauki lokacin da take so. Kada ka karkata kyamarar sama ko ƙasa. Da ka karkata, wadirof zai jingina kamar zai faɗi. Ka fara da 12mm ko 13mm, sai dole za ka koma 10mm, don a nan ne kujerar da ke kusa da kai take zama ƙatuwa, gadon da iyayen amarya suka fi kashe wa kuɗi ya koma ɗan mitsitsi a can ƙurya. Kafin ka latsa, leƙa cikin madubi da gilashin shokes ko kana ciki. Idan kuma so kake lens ɗin ya bi ka har wajen kamu da dare, Tokina ya fi, don f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6.

Abu ɗaya ka sani kafin ka biya: duk lens mai alamar EF-S ba ya hawa 6D ko 5D. Ranar da Allah Ya hore maka babbar kyamara, sai dai ka sayar da shi.

Tambaya: Ni mace ce, ina ɗaukar kamu da sa lalle da wuni a cikin gida inda ba a barin maza. Sony a6400 gare ni da Sigma 16mm f/1.4. Haske ba ya ba ni matsala, amma ƙorafi ya yi yawa. Ƙawayen amarya da suka tsaya a gefe suna cewa na ƙara musu ƙiba, wata amarya kuma ta ce hancinta ya yi girma, ta ƙi karɓar hoton. Lens ɗin ne ya lalace? Daga Unguwar Rimi.

Amsa: 'Yar'uwa, lafiyar lens ɗinki ƙalau, kuma masu ƙorafin suna da gaskiya. Abubuwa biyu ne daban suka same ki, kowanne da maganinsa.

Na hanci daga kusanci ne. 16mm a kyamararki daidai yake da 24mm, yana kwaso wuri da yawa, to don fuskar amarya ta cika hoto sai ki matsa har ya rage rabin mita tsakaninku. A wannan tazarar, hancinta ya fi kunnenta kusa da ke da kamar santimita goma, wato kashi ɗaya cikin biyar na duk tazarar, dole ya fito da girma, goshi ya turo, kunnuwa da ɗankunne su ja baya. Ki koma mita biyu, wannan bambancin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin ashirin, ido ba ya ma lura da shi. Ko da wane lens kika matsa haka, abin da za ki samu ke nan. Mai faɗin dai shi ne yake jan ki ki matsa. Don haka hoton fuska, da na kwalliya, da na ɗaurin ɗankwali, ki nemi Sigma 30mm ko 56mm na jerin wannan da kike da shi. Idan a ranar 16mm kaɗai ke hannunki, tsaya a mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ki ɗauke ta daga gwiwa zuwa sama, daga baya ki yanke a kwamfuta. Megafiksel 24 na a6400 sun ishe ki yin haka.

Na ƙiba kuwa daga gefen hoto ne. Lens mai faɗi, don ya bar layin bango a miƙe, yana jan duk abu mai kewaye da ya faɗa gefe. A 24mm na babbar kyamara, fuskar da ke can ƙarshen hoto tana ƙara faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 16mm na babbar kyamara ƙarin yana kai rabi. A 35mm bai wuce ɗaya cikin takwas ba, shi ya sa tsofaffin hannu ke son 35mm wajen hoton taro. Kuma kada ki sa rai gyaran lens na Lightroom, manhajar gyaran hoto, zai cire wannan. Abin da yake gyarawa shi ne lanƙwasar layi da duhun kusurwa, fuskar da ta baje tana nan yadda take.

Maganin a wajen tsayar da mutane yake. Mata goma a jere, kafaɗa da kafaɗa, da gwaggwaro da mayafi, suna cin mita biyar. A mita huɗu lens ɗinki yana ɗaukar kusan mita shida, kin ga na farko da na ƙarshe sun faɗa daidai inda ake jan fuska. Ki raba su layi biyu: amarya a zaune a tsakiya da huɗu a gefenta, biyar a tsaye a baya. Faɗinsu ya dawo mita biyu da rabi zuwa uku, ya zauna a tsakiyar hoto, gefe ya zama labule da bango, waɗanda ba sa ƙorafi. Na gefe su ɗan juya kafaɗa zuwa wajen amarya. Ki rufe ƙofar haske zuwa f/4 ko f/5.6 don layi biyun su fito tas. Iyaye mata da gwaggwanni da uwar ango, waɗannan kada ki taɓa barin su a ƙarshen layi. Ki ce, "Hajiya, bismillah nan kusa da 'yarki," kin girmama ta kin kuma tsare hotonki.

Akwai inda wannan halin na lens mai faɗi yake zama alheri. Amarya ta miƙo hannayenta da lalle ya kama, zanen baƙi a bayan hannu, ja a yatsu, ki matsa kusa da hannun ki sa saiti a kansa, wato shi ne zai fito tas, fuskarta da ƙawayenta su zauna a baya cikin ɗan dishi-dishi. Hannun ne zai yi girma, kuma shi ake so a gani. Haka akwatunan lefe idan an buɗe su a tsakar gida.

Tambaya: Na koma Canon 6D. Yawancin aikina dina ne a manyan ɗakunan taro, fitilu masu launi, wuri da duhu. Ina tsakanin 17-40mm f/4, da 16-35mm f/4 mai IS, da 16-35mm f/2.8. Wani abokin aiki ya ce IS ya fi f/2.8 amfani. Daga Malali.

Amsa: Abokin aikinka ya faɗi gaskiya ga mai ɗaukar gine-gine. IS, wato tsarin hana girgiza da ke cikin lens, rawar hannunka yake tsayarwa, ba ya tsayar da mai rawa. Da shi za ka ɗauki ɗakin taro kafin baƙi su shigo, tebura da furanni da kujerar ango da amarya, a shota 1/10 na daƙiƙa ba tare da ƙafa uku ba. Amma da zarar an fara liƙi, hannuwa suna sama, kuɗi suna zuba, abokan ango sun zagaye, kana buƙatar 1/200 ko sama, kuma a nan ƙofar haske ce kaɗai ke magana. A ce wurin ya tilasta maka ISO 6400 a f/4. A f/2.8 za ka sauko 3200, a f/2 ka sauko 1600, a f/1.4 ka sauko 800. 6D tana jure 3200 da kyau. A 6400 yashi-yashi yana fara bayyana a inuwa da kan baƙar fata, kuma nan ne aikin zinaren da ke jikin rigar amarya yake dagulewa. Ƙari a kan haka, babbar ƙofa tana taimaka wa kyamara ta kama saiti a duhu. A 6D ka dogara da ɗigon saitin tsakiya, shi ne mai ƙarfi, na gefen suna yawan lalube.

To idan ba ka son filasha, f/2.8 ne, ko ma ka bar zum ɗin, wato lens mai matso da hoto da nesanta shi, ka nemi 24mm f/1.4 ko 35mm f/1.4, na Canon ko na Sigma Art. Sai dai ka san f/1.4 ba ya yafiya. Da 35mm a mita biyu, abin da zai fito tas bai kai santimita 30 daga gaba zuwa baya ba. Ango ya ɗan gota amarya da taki ɗaya, ɗayansu ya tafi.

Idan kuwa da filasha kake aiki, kamar yawancin masu dina a garin nan, f/4 zai fisshe ka, har 17-40mm ɗin, duk da kusurwoyin hotonsa suna da laushi, ba sa fitowa tas, idan an buɗe shi gaba ɗaya. Sa f/4, ISO 1600, shota 1/60. Walƙiyar filasha ita za ta daskarar da mutane, shota mai jinkirin kuma ta bar fitilun wurin su shigo, hoto ya fito da ruhin biki maimakon fuskoki farare a cikin baƙin rami. Iyakar shotar 6D da filasha 1/180 ce, kada ka wuce sai ka kunna tsarin da ke ba da damar haka.

Ga inda lens mai faɗi da filasha suke saɓani. Kan filasha yana da nasa faɗin: Canon 430EX II daga 24mm yake farawa, Godox V860II daga 20mm. Ka ja lens zuwa 16mm, hasken zai tsaya a tsakiya, na gefe su zauna a duhu. Jawo ɗan faifan roban nan da ke ɓoye a saman kan filashar, yana baza hasken har 14mm, sai dai yana cin ƙarfi da batir. Inda silin fari ne kuma bai yi nisa ba, juya kan filashar sama da ɗan baya, ya fi komai kyau. Inda aka lulluɓe silin da yadi ja ko ruwan hoda, kada ka yi, launin zai sauko a kan fuskoki. Nan sai filasha biyu a kan sanduna a kusurwoyin filin rawa.

Idan ka ga ratsi-ratsi a kwance cikin hoto, ko launi yana canzawa daga hoto zuwa hoto, fitilun ne ke ƙyaftawa. Wutar ƙasar nan 50 take bugawa a daƙiƙa, don haka gwada 1/100 ko 1/50. Janareto ba kullum yake tsayawa a 50 cif ba, sai ka ɗan gwada sama da ƙasa. Kuma ka kiyayi fitilar leza ta masu kiɗa. Lens mai faɗi yana kwaso ta ba ka sani ba, kuma tana iya ƙona layi a sensa, musamman lokacin bidiyo.

Hukuncinmu: mai aikin dina kowane mako, 16-35mm f/2.8, kuma zai tarar yawancin hotunansa tsakanin 24mm da 35mm suke faɗawa. 16mm na shigowar amarya ne da hoton ɗaki gaba ɗaya.

Tambaya: Wajen ɗaurin aure a masallaci, jama'a sun cika, ba wurin ja da baya. Me zan ɗaura? Daga Tudun Wada.

Amsa: Ɗaurin aure minti kaɗan ne, ba a maimaita shi, don haka zum. A babbar kyamara 24-70mm ko 16-35mm, a ƙarama 17-50mm f/2.8 ko Sigma 18-35mm f/1.8. Ka isa da wuri ka durƙusa a gefen da'irar da liman da waliyyi da wakilin ango za su zauna, kada ka tsaya a kan manya ko ka gifta gaban mai salla. Daga durƙuson nan 24mm zai ba ka hannun da ke miƙa sadaki, da tiren goro da dabino, da tafukan da aka ɗaga ana fatiha, duk a hoto ɗaya.

A waje, kamar harabar Masallacin Sultan Bello bayan an shafa, ɗaga kyamara sama da kanka da hannu biyu, 20mm zuwa 24mm, f/8, ka ɗan sunkuyar da ita, ango a tsakiya ana miƙo masa hannu. A 24mm na babbar kyamara, ko da f/5.6 ne, idan ka sa saiti a mita huɗu, daga mita biyu har iyakar gani duk zai fito, ba ka buƙatar leƙawa. Kada ka cire hular lens, wato robar da ke yi wa bakinsa inuwa, don mai faɗi yana saurin kwaso rana ya wanke hoto. Fararen shaddoji a ranar tsaka kuma suna ruɗin kyamara, ka riƙa duba ko aikin wuyan babbar riga bai ɓace cikin fari ba. A hunturu kada ka sauya lens a fili. Ƙurar da ta shiga za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama a duk hoton da ka ɗauka a f/8.

Tambaya: Na ga wani gilashi da ake murɗawa a gaban lens, an rubuta 0.45x, kuɗinsa kaɗan. Da fish-ayi kuma. Suna yi? Daga Kawo.

Amsa: Na murɗawar, a'a. Tsakiya ce kawai ke fitowa, gefe ya yi biji-biji da ratsin shuɗi da ja, kusurwoyi su yi baƙi, nauyinsa kuma yana wahalar da injin saitin 18-55mm. Fish-ayi lens ne na gaske, amma yana lanƙwasa duk layin da bai bi ta tsakiya ba. Hoto ɗaya ko biyu na filin rawa daga sama, shi ke nan aikinsa a biki. Kada ya zama mai faɗinka na farko.

Tambaya: Sabo ya fi ƙarfina, na hannu zan saya don Nikon D3200. Me zan duba? Daga Hayin Banki.

Amsa: Ƙanena, fara da abin da zai hau kyamararka ya yi aiki. Nikon AF-P 10-20mm yana da araha da kyau, amma D3200 ba ta aiki da lens masu alamar AF-P, haka D3100 da D5100 da D7000 da D90. Tokina 11-16mm na farko kuma ba shi da injin saiti a cikinsa, D3200 ita ma ba ta da shi a jikinta, sai dai ka riƙa murɗawa da hannu. Nemi wanda aka rubuta DX II, ko Nikon AF-S 10-24mm, ko Sigma 10-20mm mai alamar HSM. Ka tafi da kyamararka, kada ka yarda da gwaji a kan ta mai shago.

Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocilar waya ta baya kana kallo ta gaba. 'Yar ƙura ba komai, kowane lens yana da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, laimar damina ke kawo ta, tana yaɗuwa har ta ci rufin gilashin. Hazo mai kama da tururi a ciki shi ma ka bar shi. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa, sai dai a lens mai faɗi ta gaban ma tana iya fitowa idan ka rufe zuwa f/11 ko ka fuskanci fitila. A bayan lens na Nikon akwai ɗan ƙarfe mai buɗe ƙofar haske: tura shi ka sake, ganyayyakin su rufe nan take, ba maiƙo a jikinsu. Duba bakin da ake murɗa filta; idan ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa.

Faɗuwar nan ita ce babbar cutar mai faɗi, don gilasan ciki suna gocewa, gefe ɗaya ya yi kaifi ɗayan ya mutu, kuma ba ka ganewa sai ranar da ka jera dangin ango ashirin na hagu suka fito na dama suka narke. Gwajin ba wuya. Fita bakin shago ka nemi allon talla mai rubutu a can tsallaken titi, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka sa saiti a kansa sau ɗaya ka kashe otomatik. Ɗauki hoto huɗu, kowanne allon yana wata kusurwa daban. Zuƙo su a bayan kyamara ka gwama. Kusurwoyi huɗun za su fi tsakiya laushi, wannan halinsa ne, amma laushin ya zama iri ɗaya. Idan ɗaya ta fita daban, mayar masa. Maimaita a farkon zum da ƙarshensa, sannan ka sa otomatik ya yi saiti daga kusa zuwa nesa sau goma kana saurare ko zai yi ƙara ko ya tsaya a hanya.

Idan ya tsallake duk wannan, ka tambayi hularsa da murfinsa biyu, don hular mai faɗi ba a samunta da sauƙi ita kaɗai, ta wani lens kuma za ta leƙo cikin hoto ta baƙanta kusurwa. Daga Yuni zuwa Satumba kada ya kwana a jakar da ta sha ruwa. Roba mai murfi mai kamawa, da ƙullin silika mai tsotse laima biyar ko shida a ciki, kana sauya su duk wata.